Gidan Gandu Da Ya Zama Gidan Bature: Tarihin Ginin Gidan Ɗan Hausa Da Sauye-Sauyensa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba tarihin gida guda ɗaya, watau Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a ga yadda ya tashi daga gidan gona na bayan gari ya zama mazaunin Bature, sa'an nan ya zama gidan tarihi. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne, galibin nazarin da aka yi a kan ginin Hausa ya tattaru ne a kan fada da masallaci da ganuwa. Aikin Dmochowski, wanda ya auna gine-gine a Arewa tun daga ƙarshen shekarun 1950, da na Schwerdtfeger a kan gidajen Zariya a 1982, da na Moughtin a 1985, duk sun fi mai da hankali ga birni. Gidan gona, inda ake noma abin da birnin yake ci, bai samu wannan gata ba. Wanda ya rage mana a tsaye, har ake zuwa kallonsa, ya tsira ne saboda wani baƙo ya zauna a ciki, kuma da sunan baƙon ake kiransa. Wannan ma kaɗai abin a tsaya a yi tunani ne.

2.0 Dutse da ƙasa

Kafin a shiga gidan, ya kamata a kawar da wata tambaya da ɗalibai suka saba yi, watau me ya hana Bahaushe gina gidansa da dutse. A Ingila ko Faransa, idan aka ce tsohon gidan gona, abin da ke zuwa zuciya shi ne ginin dutse mai shekara 300 ko 400. Wasu sukan ɗauka rashin irin wannan a ƙasarmu alama ce ta rashin dutsen ko rashin sanin aikinsa. Duka biyu ba su tabbata ba. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ya ratsa Bichi da Tsanyawa da Yashe ya isa Kankiya, ya san ƙasar ba ta rasa duwatsu da marmara ba. A ƙauye kamar Sukuntuni, ko a ƙauyukan ƙasar Kusada, a kan duwatsu ake ɗora rumbu don kada gara da danshi su kai ga hatsi, da dutse ake kafa murhu, a kansa ake niƙa. Game da sani kuwa, ganuwar Surame, wadda Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, dutse ne aka jera aka haɗa da ƙasa, kuma har yanzu kufanta na nan. A can gabas, fadar Hidi ta Sukur da ke Adamawa jerin dutse ce, ita ce kuma wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya, a 1999.

Ashe ke nan zaɓi aka yi. Dalilan zaɓin a fili suke. Ƙasar gini tana nan a bakin ƙofa, kududdufin unguwa ma ramin da aka haƙi ƙasar gidajenta ne. Bango mai kauri na ƙasa yana riƙe sanyin dare ya kai shi tsakar rana, ya kuma riƙe ɗumin rana ya kai shi asubahin hunturu. Babban dalili a ganina shi ne yanayin gidan Bahaushe kansa, wanda yake yaɗuwa yana tsukewa tare da mutanensa. Yaro ya isa aure, a yanka masa sashe. An yi amarya, a tayar mata da ɗaki. Tsoho ya rasu, wani lokaci a bar ɗakinsa ya zube, bayan shekaru a kwaɓa ƙasar a yi wani. Schwerdtfeger ya nuna wannan dalla-dalla a gidajen Zariya. Dutse ba ya yarda da irin wannan rayuwa.

To, amma wannan zaɓi ya bar wa mai nazarin tarihi wahala. A ginin dutse, wurin da sabon bango ya haɗu da tsoho yana nan a bayyane, ƙofar da aka toshe tana barin tabo, launin dutsen ma yana faɗin daga wane rami aka fasa shi. A ginin ƙasa, yaɓen bana yana rufe na bara, ya shafe shaida. Saboda haka dole a nemi shaidar a wasu wurare: kaurin bango, da faɗin ɗaki, da yadda aka jera azara a rufi, da girman taga, da inda ƙofa ta fuskanta. Da waɗannan za mu yi aiki.

3.0 Gandun sarki da gidansa

A ƙarni na 19 birnin Kano yana kewaye da gandayen sarauta. Sanannen cikinsu shi ne Fanisau, wadda Sarki Ibrahim Dabo, da ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mayar ribaɗi a lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, daga baya ta zama gari na gandaye. Mohammed Bashir Salau ya yi littafi sukutum a kanta a 2011. Akwai Ɗorayi a yamma, akwai Nasarawa a gabas da ganuwa, akwai kuma irin su Gasgainu da Gogel da Giwaram. Manyan bayin sarki, watau Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, su ne ke da hannu a kan al'amuran waɗannan gandaye, a kowanne kuma akwai mai kula da aikin yau da gobe, wanda yake zaune a wurin. Bayi ne ke noman. Sukan yi aikin gandu da safe zuwa wajen azahar, sa'an nan kowa ya koma gayaunarsa. Hatsin da aka girbe shi ke ciyar da fada da dawakinta da baƙinta.

Ruwayar da masu kula da Gidan Ɗan Hausa suke bayarwa ita ce, asalinsa gidan mai kula da gandun sarki ne na Nasarawa. Ruwayar ta dace da wurin, domin gidan yana cikin filin da gandun ya mamaye, kusa da gidan hutawar sarki. Irin wannan gida yana da fasali sananne, wanda har yau ana ganin ragowarsa a gidajen dagatai na ƙasar Kano da Katsina. Zaure ne babba a gaba, inda maigida yake zama ya raba aiki, ya karɓi saƙon fada, ya sasanta rigima. Daga zaure sai ƙofar gida, filin da ake ɗaure doki da jaki, sa'an nan shigifa, wadda baƙo namiji ba ya wucewa. Can ciki ɗakunan mata ne a warwatse, kowanne tsaye da kansa, da turaka, da madafa, da rumbuna. Katanga ko danga ta kewaye duka. Abin lura a nan shi ne, ba a yin dukan gidan da ingancin gini iri ɗaya. Zaure da shigifa da turaka su ke samun soro, su ake kira wa gwanin magini. Sauran ɗakuna sau da yawa na ciyawa ne, ba a sa ran su wuce shekaru kaɗan.

Yadda ake tayar da soron ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne ma'aunin da za mu auna sauyin da ya biyo baya. Da rani ake gini, bayan an gama kaka. A haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a tattake da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, sa'an nan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Magini yana zaune a kan bango, ana jefa masa tubali da curin ƙasa yana cafewa, yana jerawa tsini a sama. Bangon yakan yi kauri ƙwarai a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa. Rufi kuwa na azara ne, watau gangar giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika ci ba. Sai dai azara tana da iyaka: idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta ƙetare fili da ya wuce kamar ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwashe ba. Duk dabarar ginin Hausa ta taso ne daga neman hanyar wuce wannan ƙafa 6. Wani ya gitta azara a kusurwoyi ya rage filin, wani ya kafa ginshiƙi a tsakiya. Gwani shi ne mai ɗaura bakan gizo: ya dasa azara cikin bango tana leƙowa, ya ɗaura wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, daga ɓangarorin biyu, har su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna aka samu ɗaurin guga, sai tulluwa ta zauna a kai. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

4.0 Zuwan Turawa da juyar da gidan

Turawa sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Bayan an naɗa Abbas, ba su zauna cikin birni ba. Nasarawa suka fara sauka, kafin daga baya su kafa bariki a Bompai. Wannan shi ya sa gidajen gandun Nasarawa suka riga sauran faɗawa hannunsu. A daidai lokacin kuma gandun kansa yana rasa ƙafafunsa. Dokar Lugga ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901, ɗa ne, an hana cinikin bayi, waɗansu bayin sun gudu, waɗansu sun fanshi kansu ta hanyar murgu. Gidan da aka gina don tafiyar da aikin bayi ya wayi gari aikin yana zagwanyewa.

Mutumin da gidan ya ɗauki sunansa, Hanns Vischer, an haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Ya fara zuwa ƙasar nan tare da 'yan mishan, daga baya ya zama ɗan ƙasar Ingila ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno. A 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, tafiyar da ya rubuta littafi a kanta aka buga a 1910. Da gwamnati ta ɗora masa aikin kafa ilmin boko a Arewa, sai da ya je ya duba makarantun Masar da Sudan, sa'an nan ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909. Tana da sashen horar da malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na koyon sana'a. Da Hausa ake koyarwa, shi ne kuma ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko a 1912. Iya Hausarsa ce ta sa Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa.

Manufarsa ita ce kada makaranta ta raba yaro da irin zaman gidansu. Don haka da ƙasa aka gina makarantar, da ƙasa kuma ya gyara gidan da ya zauna. Amma kada mu ɗora komai a kan manufa. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911. Kafin nan duk buhun siminti da fallen kwano da gilashin taga sai an ɗauko su a ka ko a bayan dabba daga kudu, tafiyar makonni. Bature a Kano a 1909, ko yana son ginin Hausa ko ba ya so, maginin Kano ne zai yi masa ɗaki. Bambancin Ɗan Hausa da 'yan'uwansa shi ne, su sun ɗauki ginin ƙasa abin wucin gadi ne, shi kuwa ya ɗauke shi gida. Shekaru da yawa bayan haka, a 1945, littafin da Daldy na ma'aikatar ayyuka ya rubuta a kan dabarun maginan Arewa har a sunansa gine-ginen wucin gadi ya kira su.

Me aka sauya? Wanda ya tsaya gaban gidan yau zai ga zankwaye a kan kusurwoyi, ya shiga ya ga bakan gizo, ya ce wannan gidan Hausa ne tsantsa. Kayan aikin da hannun da ya yi aikin lalle na Hausa ne. Tsarin kuwa an juya shi kamar yadda ake juya riga. Gidan Bahaushe ciki yake kallo: bayansa ne a waje, tagoginsa 'yan ƙanana ne can sama, iska da haske daga tsakar gida suke zuwa. Wannan gida waje yake kallo. Ɗakunan da a da za su tsaya daban-daban a cikin fili an haɗe su wuri guda, ana fita daga wannan a shiga wancan ba tare da an taka ƙasar waje ba. An huda bango an sa tagogi masu faɗi a daidai inda mutumin da ke zaune a kujera zai ga waje. Filin da ya kamata ya kasance a tsakiya, katanga ta ɓoye shi, ya koma kewayen gidan ya zama lambu. Akwai bene, domin likitocin Turawa na lokacin sun yi imani kwana a sama yana rage sauro da zazzaɓi. Zaure, wanda aikinsa shi ne tsayar da baƙo, ya rasa wannan aiki, tun da matar gidan da kanta take fitowa ta karɓi baƙin. Matar, Isabelle, ta zauna a Nasarawa kafin yaƙin 1914, ta kuma rubuta abin da ta gani da Faransanci aka buga a 1917.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye matsala ce aka miƙa wa magini. Taga mai faɗi tana raunana bangon ƙasa, sai an gitta azara a kanta ta ɗauki nauyin da ke sama. Bene yana bukatar bangon ƙasa ya ƙara kauri, rufin ɗakin ƙasa kuma ya ɗauki tafiyar mutane da kayan ɗaki. Haɗe ɗakuna yana nufin rufi da yawa suna zubar da ruwa a kan juna, sai an san inda za a kafa kowane indararo, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta narkar da mahaɗar. Ɗakin cin abinci mai ɗaukar tebur da kujeru ya wuce ƙarfin azara miƙaƙƙiya, sai baka. Watau fasahar da a da ake keɓe wa zauren sarki da masallaci ita aka jawo ta yi wa zaman Bature hidima. Maginan Kano ne suka warware duk wannan, su da suke ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma abin da suka koya a nan ya bazu. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, da ƙasa aka gina ta a kan wannan haɗin gambiza na tsarin Bature da hannun Bahaushe, yau ita ma gidan tarihi ce. Amma gidan Nasarawa sunan wanda ya ba da umarni ya ɗauka. Da za a bi ni, allon da ke gaya wa baƙi tarihin Vischer zai samu abokin zama mai bayanin aikin magina da na bayin da suka noma filin.

5.0 Shekarun gidan

Ana jin magana iri biyu game da tsufan gidan. Waɗansu suna ba shi shekara fiye da 200, waɗansu suna cewa ginin farkon ƙarni na 20 ne. A ganina kowane ɓangare tambaya daban yake amsawa. Na farko yana maganar wurin ne, da yiwuwar ɗaki ɗaya ko biyu na tsohon gidan gandu da aka gina sauran a jikinsu. Na biyu yana maganar fasalin da ido yake gani, wanda ba zai girmi zuwan Turawa ba, saboda dalilan tsari da na ambata. Hanyar raba gardamar ita ce awo. Bangon da yake cikin gida yau amma yana da kaurin bangon waje, yana sirancewa sama, to da can a waje yake, an gina wani ɗaki ne a jikinsa. Ƙofar da ba ta daidaita da bakan da ke kanta ba, daga baya aka huda ta. Daɓen da ya fi na maƙwabcinsa zurfi yakan fi shi tsufa.

Haka nan adon jikin bango na waje bai kamata a kafa hujjar tsufa da shi ba. A ƙarni na 19 cikin ɗaki aka fi yi wa ado. Yayin cika fuskar gida da zane ya bunƙasa ne a ƙarni na 20, sa'ad da kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun attajirai, abin da Kirk-Greene ya rubuta a kansa game da Zariya a 1963. Kuma ado yana bin yaɓe, duk lokacin da aka sake yaɓe hannun wani ne.

6.0 Gyaran zamani

Vischer ya bar Kano saboda yaƙin duniya na farko, ya rasu a 1945. Gidan ya ci gaba a hannun gwamnati, daga baya ya koma ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Haɗarin da ke gabansa yanzu shi ne wanda ke gaban kowane ginin ƙasa da ya shiga hannun ofis. Gidan da mai shi yake ciki, kafin kowace damina yakan hau ya duba rufi, ya toshe tsaga, ya share indararo. Gidan hukuma sai an jira kasafin kuɗi, kasafin kuma ya fi son babban aiki sau ɗaya a shekara goma a kan ƙaramin aiki kowace shekara. Babban aikin nan sau da yawa siminti ne. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa, ba ya kuma barin danshi ya fita. Ruwa ya samu 'yar kafa ya shiga bayansa, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, gara ta samu inuwa, wata rana fallen ya ɓalle gaba ɗaya. Mun ga inda sakaci da gyara marar kyau suke kaiwa: a watan Agusta na 2023 wani sashe na tsohon masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. A 2010 kuma an rushe Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa titi.

Masu cewa sake yaɓe yana ɓata asalin gini, ra'ayin ƙasashen dutse suka aro. Yarjejeniyar Banis ta 1964 a kan adana gine-gine ta ba kayan ginin na asali muhimmanci, amma takardar Nara ta 1994 ta yarda cewa a wasu al'adu asalin yana cikin sana'ar da ake maimaitawa. Masallacin Jenne a Mali, wanda aka gina a 1907, kusan sa'an gyaran Ɗan Hausa ke nan, duk shekara mutanen gari suke fitowa su yaɓe shi.

Sai dai yaɓen gargajiya ba a kasuwa ake sayensa a buhu ba. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta. Laso, wanda ke hana rufi yoyo, haɗi ne na katsi daga ramin marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Azara sai giginyar da ta shekara da yawa. Idan marina ta mutu, katsi ya yanke, idan aka sare ɗorawa da giginya ba a dasa ba, magini ya rasa abin aiki ko da yana da sani. Kula da gidan nan ya haɗa ke nan da kula da karofin Ƙofar Mata da itatuwan karkara.

A karkarar kuwa abin ya fi sauri. A ƙasar Kankiya da Kusada, kamar sauran wurare, tsofaffin zaurukan dagatai da na manyan gandaye suna komawa bulo da kwano ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za a ga laifin mai gida ba, don ya gaji da hawa rufi kowace bazara. Abin da sassan tarihi da na zanen gine-gine na jami'o'inmu za su iya yi ba ya bukatar kuɗi mai yawa: ɗalibi biyu, da igiyar awo, da takarda, da tsohon maginin garin. A auna kaurin bango a gindi da sama, a zana jerin azara kafin a yaye rufin, a tambayi tsohon wa ya ɗaura bakan, a hannun wa ya koya, daga wane fadama aka saro giginyar, da kuma sunan kowane ɗaki kamar yadda mutanen gidan suke kiransa.